Yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin sulalla da ƙaramar kyamara har a karanta ƙananan haruffansu

A cikin kayan da kakarmu ta bari akwai wani gwangwanin madara cike da kuɗin da aka daina ciniki da su tun 1973, shekarar da naira da kwabo suka karɓi gurbin fam da sule. Akwai anini, ɗari (rabin kwabo), kwabo mai huji, taro, sisi, sule, sai wata dala ta azurfa mai nauyi da hoton wata Baturiya. Ranar da na fara gwada ɗaukar hotonsu, na shimfiɗa su a tabarma, na tsaya a kansu da kyamara a hannu na danna. Filasha ta haska, hoto ya fito, kowane sule ya koma farin faifai fat, ba kan sarki ba shekara. Na zargi kyamarar, na ce ai tsohuwa ce. Ashe laifin nawa ne. Da wannan kyamarar dai nake aiki har yau, abin da na canja shi ne inda haske yake fitowa da kuma abin da ke riƙe da ita.

Ƙaramar kyamarar aljihu, irin su Canon PowerShot, Nikon Coolpix ko Sony Cyber-shot da mutane suka jefa a durowa tun da waya ta zo, tana da wata baiwa a wannan aiki. Sensar da ke cikin yawancinsu, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ba ta fi milimita 6 da ɗan ɗoriya a faɗi ba, kuma ƙanƙantar nan ce ke sa abu ya fito sarai daga samansa har ƙasansa ko da an matso kusa. Mai babbar kyamara sai ya sayi gilashi na musamman kafin ya kusanci kwandala. Kai kuwa naka yana jikin kyamarar, maɓalli ɗaya ne tsakaninka da shi.

Kafin ka taɓa kyamara, kwandalar tukuna

Kada ka wanke. Wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe, domin ni na yi, na kuma yi da-na-sani. Na ɗauki wani kwabo na goge shi da toka da lemon tsami kamar yadda ake wa tasa, ya yi ja wur yana ƙyalli, na yi ta murna. Da na ɗauki hotonsa daga kusa sai ga fuskarsa duk zane-zane kamar kaza ta yi tono. Duhun nan da ke kwanciya a kan tagulla ko azurfa shekara da shekaru ba datti ba ne, masu tara sulalla suna ƙirga shi cikin darajar abin, kuma kwandalar da aka goge farashinta faɗuwa yake. Abin da za ka yi kawai shi ne hure ƙura da 'yar robar hura iska, ko ka share da burushi mai laushi ƙwarai. Kada ka hura da baki, tururin numfashi yana barin tabo. Ka kama ta ta gefe da yatsu biyu, hannu a wanke a bushe. In lokacin hunturu ne, ka sake hurewa kafin kowane ɗauka, don ƙwayar ƙurar da idonka bai gani ba a hoto sai ta zama kamar tsakuwa.

Sai ka dube ta da kyau ka san abin da kake son hoton ya nuna. Da yawa daga cikin sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Turawan Ingila suna da wani ɗan harafi da bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke faɗin masana'antar da ta buga su. H na kamfanin Heaton ne, KN kuma na King's Norton, dukansu a Birmingham. A kan masu huji, kusa da hujin za ka neme shi. Kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta a daraja saboda wannan harafi, don haka hoton da bai nuna shi ba bai yi aikinsa ba. Haka nan in ka ga 1936 da sunan Edward na Takwas, sarkin da ya ajiye sarauta a watan Disamba na shekarar, ka tabbatar sunan ya karantu. A Ingila ba a taɓa fitar da kuɗi da sunansa a hukumance ba, amma a nan an kashe kwabo da ɗari da anininsa. An buga su da yawa dai, kada ka ɗauka ka tsinci dami a kala.

Mazaunin kyamara

Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak. A hoton biki ba a lura, amma a tazarar taƙi ɗaya, bugun zuciyarka ma ya isa ya narkar da rubutu. Dole kyamara ta zauna a kan wani abu tana kallon ƙasa, kwandala na kwance a ƙarƙashinta.

In kana da mariƙi mai ƙafa uku wanda kansa ke sunkuyawa, shi ke nan. In babu, nemi kwali mai ƙarfi, irin na sabulu ko na taliya, mai tsayin kamar santimita 20 zuwa 25. Ka kife shi, ka yanke rami a tsakiyar samansa wanda ya ɗan fi hancin kyamarar faɗi, domin gilashin waɗannan kyamarori fitowa yake in an kunna, kuma in ya tokari wani abu injinsa na iya lalacewa. Ka yanke manyan tagogi a gefen hagu da dama, ka buɗe gaban gaba ɗaya don hannunka ya shiga. Kyamara ta kwanta rub da ciki a sama, allonta na kallonka. Tsayi kuma daga ƙasa ake gyara shi: littattafai ko guntayen katako a ƙarƙashin kwandalar, ka ƙara ko ka rage.

Yanzu sai daidaito. In kyamara ta karkata ko kaɗan, gefe ɗaya na kwandalar zai fito sarai ɗayan ya yi hazo, da'irar kuma ta zama kamar ƙwai. Dabarar mai sauƙi ce. Ajiye ƙaramin madubi a kwance daidai inda kwandalar za ta zauna, ka duba allo. In ka ga idon kyamarar yana kallon kansa a tsakiyar allo cif, to komai ya daidaita. In ya kauce gefe, ka cusa takarda a ƙarƙashin kusurwar kyamarar har ya dawo tsakiya. Minti biyu ne, amma ya fi duk wani gyara da za ka yi a kwamfuta daga baya.

Shimfiɗar ƙasa ta zama baƙa ko ruwan toka, marar ƙyalli kuma marar ado. Kada ka sa atamfa ko darduma, idon mai kallo zai tafi kan zanen. Ni nakan ɗora kwandalar a kan murfin robar ruwa wanda bai kai ta faɗi ba, sai ta ɗaga sama kaɗan. Da haka inuwarta ke faɗawa nesa, zaren ƙyallen da ke ƙasa kuma ya dushe. Ga masu huji, murfin zai leƙo ta ramin, don haka ka shafa masa baƙin tawada ko ka liƙa baƙar takarda a kansa.

Saitin cikin kyamara

Juya yanayin ɗaukarta zuwa P, ko Av in tana da shi, ka bar Auto, domin a Auto kyamara ba ta barin ka ka sa baki. Sannan ka danna maɓallin da ke da alamar fure, shi ne makro, yanayin ɗaukar abu daga kusa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Takardar kyamarar za ta ce tana iya kama abu daga santimita 1 ko 2, sai mutum ya kai hancinta har ya kusa taɓa kwandalar. Gaskiya ne tana kamawa, amma sai in ba a ja zum ba ko kaɗan, kuma a wannan matsayi abu biyu ne ke ɓaci. Kyamarar da kanta take tare haske, sannan gilashin yana kumbura tsakiyar hoto, kwandala ta fito kamar ƙoƙo. Abin yi shi ne ka ja baya zuwa santimita 10 ko 15, ka ja zum kaɗan-kaɗan. Duk sanda ka ƙara zum, tazarar da kyamara ke buƙata kafin ta kama abu tana ƙaruwa, har ka kai inda za ta ƙi kamawa sam. Ka rage kaɗan daga nan, wannan ne wurin zamanka. Kowace kyamara da nata, sai ka gwada. Kuma ba dole kwandala ta cika allo ba. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, in kwandala ta ci rabin tsayin ma ka samu fiksel 1500, wanda ya ishe ka karanta H ɗin nan. Zum na dijital kuwa ka kashe shi a menu, ba ya ƙara komai sai buɗa abin da ke akwai.

Kashe filasha, alamar walƙiya mai layi a kanta. Mayar da ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ƙasa ƙarshe, 80 ko 100, domin ƙaramar sensa in aka ɗaga mata ISO sai ta cika hoto da yashi-yashi, kyamarar kuma garin share yashin ta share ƙananan zanen da kake nema. Tunda a zaune take, ba ruwanka in ɗaukar ta kai rabin daƙiƙa. In tana ba ka damar zaɓen buɗin ido, tsaya tsakanin f/4 da f/5.6. Tsuke shi fiye da haka a irin wannan sensa laushi yake jawo wa hoto. Zaɓi girman hoto mafi girma da inganci mafi kyau. Kashe mai hana girgiza, don in kyamara na zaune daram wani lokaci shi ne ke kawo motsin. Kashe mai juya hoto da kansa, domin kyamarar da ke kallon ƙasa ba ta san sama da ƙasa ba, sai ta riƙa ba ka hotuna a karkace. Ka kuma tsawaita lokacin da take kashe kanta, in ba haka ba kana cikin gyara fitila za ta janye hanci, zum ɗin da ka sha wahalar saitawa ya tafi.

Saura launi. Shiga WB, wato saitin daidaita launin fari, ka zaɓi wanda ake saitawa da hannu, ka ajiye farar takarda a wurin kwandalar ƙarƙashin hasken da za ka yi aiki da shi, ka danna. In ka tsallake wannan, sule fari zai fito rawaya kamar taro, ko azurfa ta yi shuɗi. Duk sanda ka canja fitila, ka sake.

Haske, inda aikin yake

Kwandala ƙarfe ce, rabin madubi. Abin da kake gani a hotonta shi ne yadda haske ya bugi tudu da kwarin da aka buga a jikinta ya dawo cikin gilashi. Saboda haka kwandala ɗaya a ƙarƙashin haske uku sai ta ba ka fuska uku, kuma a nan za ka kashe yawancin lokacinka.

Mafi arha shi ne hasken rana a inuwa. Kai kwalinka bakin taga ko ƙofar zaure da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya amma rana ba ta dukan wurin kai tsaye. A ɗaya gefen ka jingina farar takarda ta mayar da haske ta rage duhun inuwa. Ga tagulla da ta yi duhu, irin kwabon 1959 ko kwabo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai, wannan kaɗai ya wadatar. Aibinsa shi ne rana tafiya take, hoton da ka ɗauka ƙarfe tara da na sha ɗaya ba za su zo launi ɗaya ba.

In da fitila za ka yi, samo guda biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, kada ka haɗa mai farin haske da mai ja-ja. Kashe ƙwan ɗakin, ja labule. Ɗauki kwandalar kamar fuskar agogo, saman zanen yana ƙarfe sha biyu, ka sa fitila ɗaya a ƙarfe goma, ɗaya a ƙarfe biyu, dukansu a sama kusa da kyamara suna sunkuyo. Hasken da ya zo daga sama haka shi ke fito da sheƙin asali na kwandalar da ba ta sha hannu ba. Dalilin ajiye su ta wajen sama kuwa, idonmu ya saba haske daga sama yake zuwa. In ka haska daga ƙarfe shida, kan sarki zai yi kamar an ƙwaƙule shi ciki maimakon ya taso. In akwai fuskar mutum, ka ɗan fi ba wa gefen da take kallo ƙarfi, hasken ya sauka a goshi da kunci, ba a ƙeya ba.

Tsirarar fitila tana barin farin tabo mai ƙuna a wuraren da suka fi tudu. Maganinsa ka rufe tagogin kwalin da farar takarda mai shara-shara ko farin ƙyalle sirara, hasken ya ratso ta ciki. Amma kada ka wuce gona da iri. Na taɓa kife farar roba gaba ɗaya a kan wani sule, haske ya zo ta ko'ina daidai wa daida, hoton ya fito sumul ba tabo, sai dai sulen ya zama kamar na roba, ba rai. Ƙarfe yana son ɗan duhu da ɗan haske kafin ya yi kama da ƙarfe. Ninki ɗaya na takarda ya isa, sai in ya ƙi ka ƙara.

Kwandalar da ta sha yawo har rubutunta ya kusa shafewa, ita akasin haka take so. Kashe fitila ɗaya, ka sauko da ɗayar ƙasa sosai har hasken ya riƙa shafar fuskar a kwance, kamar yadda hasken la'asar ke fito da sawun kaji a rairayi. Sai ka zagaya da fitilar a hankali kana kallon allo. A wani wuri shekarar da ka ɗauka ta ɓace za ta ɗago. Da haka na karanta shekarar wani anini da na riga na fid da rai, har da rubutun Larabcin da ke jikinsa da tauraron nan mai tsini shida. Shi ne fa aninin da har yau ake kiran tauraron kafaɗar hafsan soja da sunansa. Sai dai ka sani wannan haske yana ƙara wa kowane ƙarzane girma, don haka na karatu ne, ba shi za ka nuna a matsayin kamannin kwandalar ba.

Masu ƙyalli sosai, kamar naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe biyu na 2007 ko sabuwar sefa, matsalarsu daban: kyamarar suke nunawa. In jikinta fari ne za ka ga hasken ta a tsakiya. Yanke rami daidai gilashin kyamarar a baƙar takarda ka liƙa a ƙarƙashin rufin kwalin. In kuma fuskar ta yi baƙi ƙirin alhali haruffa na walƙiya, akwai dabarar gilashin firam. Ka tsayar da gilashin firam ɗin hoto mai tsabta tsakanin kyamara da kwandala a karkace, digiri 45, ka haska fitila ta gefe a kwance ta bugi gilashin. Wani kason hasken zai sauka kan kwandalar kai tsaye daga sama ya koma cikin kyamara. Ka tare fitilar kada haskenta ya taɓa kwandalar kai tsaye, ka kuma sa baƙin ƙyalle a bayan gilashin ya shanye hasken da ya wuce. Tana da wahalar saitawa, amma babu abin da ya kai ta nuna launin fuska.

Abu ɗaya game da fitilun caji da muke dogara da su in an ɗauke wuta: wasunsu in aka rage musu ƙarfi ƙyaftawa suke da saurin da ido ba ya gani, hotuna su riƙa fitowa wani da haske wani da duhu. Ka kunna su a cikakken ƙarfi, in ya yi yawa ka ja su baya.

Ɗauka

Baƙar shimfiɗa tana ruɗin kyamara. Tana ganin duhu ya yi yawa sai ta ƙara haske, kwandala ta ƙone. Nemi alamar +/- ka rage zuwa -0.7 ko -1. In farar shimfiɗa ce, sama za ka ƙara. Wurin da ya ƙone fari fat ba ya dawowa, wanda ya ɗan yi duhu kuwa ana iya ɗago shi.

Sa akwatin fokas a tsakiya, ka tabbatar ya sauka kan rubutu ko zane, ba kan fili mai santsi ba. Ga masu huji, tsakiyar rami ce, kyamara za ta kama ƙasa ta bar kwandala. Ka ɗan gusar da ita gefe yadda akwatin zai hau kan harafi. Kunna agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ko 10 in kwalinka na rawa. Danna rabi har akwatin ya yi kore, ƙarasa dannawa, ka ɗauke hannu.

Kada ka yarda da abin da ƙaramin allo ya nuna maka. Buɗe hoton, ka ja shi har ƙarshe a kan shekara, sannan ka leƙa gefuna huɗu. In ɗaya ya yi hazo, koma ga madubi. Ka ɗauki uku ko huɗu a kowace fuska kana ɗan matsar da fitila, sannan ka juya kwandalar ba tare da ka taɓa zum ko tsayi ba, don fuskokin biyu su zo girma ɗaya. Ka ƙara hoto guda da rula a gefe, a tsayi ɗaya da kwandalar.

Dalar azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Austriya, wadda fatake suka yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa, tana buƙatar hoto na uku. Shekarar 1780 da ke jikinta ba ta faɗin lokacin da aka buga ta, domin tun bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara ake ci gaba da bugawa da lambar. Nauyinta giram 28 ne da ɗan kai, kuma a bakinta akwai rubutu mai tudu, wanda masu saye ke dubawa saboda jabu. Don ka kama bakin duka a hoto ɗaya, cire kwanon nan mai ƙyalli da ke cikin kan tsohuwar tocila, ka ajiye shi yana kallon sama, ka kwantar da dalar a ciki. Bakin zai bayyana a jikin kwanon a zagaye, rubutun a juye, sai ka mayar da shi daidai a kwamfuta. In an taɓa huda ta ko an yi mata walda don sarƙa, kamar yadda mata suka saba, ka ɗauki wurin shi ma.

A kwamfuta, aikinka yanka ne da miƙe hoto da jera fuska biyu gefe da gefe, manhaja kyauta irin GIMP ta isa. Ka ajiye kwandalar a gaban allo ka gwada launi. In ka goge ƙarzane ko ka ƙara ja don ta yi kyau, wanda ya saya zai gani ranar da ta shiga hannunsa. Ajiye asalin hoton daban, ka sa wa kowanne suna mai ma'ana, kamar kwabo-1936-H-gaba. Wajen turawa ta WhatsApp kuma, ka tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba, domin ta hanyar hoto matse shi ake yi, kuma ɗan harafin nan da ka yini kana nema shi ne farkon abin da ke narkewa.